Ɗigon Fenti Kafin Saukar Damina

Duk motar da ke zirga-zirga tsakanin Kwanar Ɗangora da Saminaka tana ɗauke da shaidar hanyar a goshinta. Wanda ya tsaya a tasha ya dubi gaban Golf ko Sharon ɗin da ke lodin Tudun Wada da Doguwa zai ga ƙananan tabo birjik a kan bonet kamar zanzana, wasu fari, wasu toka-toka, wasu kuwa tuni sun koma ja. Aikin tsakuwa ne. Tifa ta wuce da lodin dutse babu rufi, ko tirela ta taka gefen kwalta inda ya zaizaye, ko an cike rami da marmara tayoyi suka watsa ta, sai wata 'yar tsakuwa da ba ta kai ƙwayar masara ba ta tashi sama. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma da wannan ƙarfin take karo da tsakuwar. Ƙarar da direba ke ji ba ta wuce "ƙas", amma fenti ya riga ya ɓantare.

Al'adar mafi yawan masu mota, daga direban haya har zuwa ma'aikacin da ke barin Kano ran Juma'a ya tafi gida Bebeji ko Kiru, ita ce a ƙyale irin wannan tabo. Ana bari su taru shekara biyu ko uku, har motar ta fara ba mai ita kunya, sannan idan Sallah ta ƙarato, ko an yi niyyar sayarwa, a kai ta wurin mai fenti a ce ya wanke ta gaba ɗaya. Wannan lissafi a juye yake. Mutum ya ƙi yin gyaran da bai fi kuɗin 'yan litocin fetur ba a lokacin da zai yi amfani, ya jira ya biya mai tsada wanda zai rage wa motar daraja, ya kuma binne tsatsa da ranta a ƙarƙashin sabon sheƙi. 'Yar kwalbar fentin cike tabo, wadda ake ɗiga wa gurbin da tsinke, ba ta da wani kwarjini, amma ita ce ta fi dacewa da halin hanyoyin kudancin Kano da kuma halin aljihun mutane a yau.

Dalilin yana cikin yadda ake yi wa mota fenti a masana'anta. Abin da ido ke gani launi ɗaya, shafi ne hawa-hawa. Da farko ana wanke gangar jikin motar, tun tana ƙarfe zalla, a tsoma ta gaba ɗaya cikin wani tafkin fenti, a saki lantarki, wanda shi ke jan fentin ya manne a kowane lungu, har cikin ƙofofi da ƙarƙashin motar inda hannu ba ya kaiwa. Kamfanin Ford ne ya fara amfani da wannan dabara a shekarun 1960, yanzu kuwa ta zama ruwan dare. A kan wannan ake fesa shafin ƙasa, wato furaima, sannan launi, sannan shafin ƙarshe mai garai-garai wanda ke ba da sheƙi ya kuma tare zafin rana. Ana gasa waɗannan shafe-shafe a tanda mai zafin digiri 140 zuwa sama. Duka-duka kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, wato kusan kaurin takardar rubutu guda ɗaya, ƙarfen da suke karewa kuma bai kai milimita ɗaya ba.

Babu garejin da zai iya maimaita wannan aiki, ko a Kano ko a Jamus. Motar da aka riga aka haɗa tana da wayoyi da robobi da kujeru, ba za ta shiga waccan tanda ta fito lafiya ba, shi ya sa ko ɗakin feshi na zamani ba ya wuce digiri 60 ko kusa da haka. Tsomawa cikin tafkin lantarki kuwa sau ɗaya ake yi wa mota a rayuwarta. Saboda haka duk samfefar da ta ci fentin kamfani har ta kai ƙarfe ta cire abin da kuɗi ba zai mayar ba. Dillalan mota sun daɗe da sanin haka, ko da ba su san sinadaran ba. Kalmar da ta fi kowace tsada a bakinsu ita ce "fes bodi", motar da ba a taɓa sake mata fenti ba. Mai saye mai wayo yana zagaya mota da maganaɗisu naɗe a ƙyalle, inda ya ƙi kamawa ya san an cika wurin da fila, wasu ma yanzu suna zuwa da 'yar na'urar auna kaurin fenti. Motar da aka fesa, komai kyan aikin, tana jawo tambayar da mai ita ba zai iya gamsar da kowa a kanta ba, wato ko ta taɓa yin haɗari. Motar da ke da ɗige-ɗigen gyara goma a bonet ba ta jawo wannan zargi, kowa ya san aikin hanya ne.

Sai batun tsatsa, wanda a nan ne yankin kudu ya bambanta da sauran jihar. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ya haɗu da iska da danshi. A watannin hunturu da bazara gurbin da ya ɓantare yana nan shiru kamar ba komai, abin da ke ƙara yaudarar mai mota ke nan. Amma Tudun Wada da Doguwa su ne ɓangaren Kano da ya fi samun ruwan sama, damina tana riga sauka a can, tana kuma daɗewa kafin ta ɗauke. Dajin Falgore kansa, da irin masarar da ake nomawa a ƙasar Doguwa da shinkafar Tudun Wada, shaida ne a kan hakan. A kewayen madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974, raɓar asuba ta isa ta jiƙa mota ko ba a yi ruwa ba. Da zarar danshi ya sami ƙarfe tsirara, tsatsa takan fara, ita kuma tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta cinye, don haka sai ta riƙa ɗaga fentin da ke gefenta tana kutsawa ƙarƙashinsa. Tabon da ya shiga damina kamar ƙwayar gero yakan fita kamar ƙwayar gyaɗa, da ƙuraje kewaye da shi.

Akwai wasu abubuwa biyu da ke ƙara wa wutar fetur a wannan yanki. Na farko laka, wadda ke maƙalewa a bakin taya da ƙasan ƙofa ta riƙe danshi kwana da kwanaki bayan sauran jikin motar ya bushe. Na biyu takin zamani. Ƙaramar mota a ƙauyukan Kiru da Doguwa ita ce motar ɗaukar kaya, kuma da faɗuwar damina but ɗinta da rufinta buhunan taki ne. Takin NPK yana ɗauke da gishirin da ke janyo danshi daga iska ya kuma hanzarta cin ƙarfe, aikin da gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara ke yi wa motoci a Kanada da arewacin Turai. Da yawa daga cikin motocin Kwatano ma daga can suka fito da tsohuwar cutar a ƙarƙashinsu. Golf 3, wadda aka ƙera daga 1991 zuwa 1997 kuma take riƙe da sufurin waɗannan garuruwa, ba a lulluɓe duk jikinta da zinki ba, wato sinadarin da ke hana kwanon rufi tsatsa. Sai a kan Golf 4 Volkswagen ya yi hakan har ya ba da garantin shekara 12 cewa tsatsa ba za ta huda ta ba. Motar da ta fi kowace yawa a hanyar Falgore tana cikin waɗanda suka fi rauni a gaban ɓantarewar fenti.

A da ana iya cewa duk wannan ba abin damuwa ba ne, in mota ta ruɓe a sake wata. Wannan zamani ya wuce. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, a watan Yunin shekarar aka saki naira, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da ya sayi Corolla ko Fijo 406 kafin wannan lokaci ya san albashinsa ba zai sake saya masa irinta ba nan kusa. Inji ana saukewa a ɗora wani daga Ƙofar Ruwa, giya ma haka. Gangar jiki ce ba ta da madadi, in ta ruɓe motar ta ƙare.

Shi kansa gyaran ba ya buƙatar gwaninta sosai, haƙuri yake so. Matakin farko shi ne sanin lambar launin, domin farin mota ba ɗaya ba ne. Kowane kamfani yana rubuta lambar a jikin motar. A Toyota tana kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR, inda 040 ke nufin fari zalla, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. A Volkswagen takardar tana cikin but kusa da safaya, da lambobi irin su LY3D na ja. Da wannan lamba ake sayen kwalbar da ta dace, ko a kai wa mai haɗa fentin mota ya haɗa kaɗan. Sai a wanke wurin da sabulu, a bari ya bushe sarai, a goge maiƙo da sifirit. Idan akwai jan tsatsa a gurbin, wajibi ne a kankare ta da bakin allura ko ɗan guntun samfefa har ƙarfe ya yi haske, ba tare da an taɓa lafiyayyen fentin da ke gefe ba. Ƙarfen da ya bayyana a ɗiga masa furaima. Bayan ya bushe a ɗauko launi da tsinken sakace ko tsinken ashana da aka feƙe, a taɓa tsakiyar gurbin, a bar fentin ya malala da kansa ya cika shi. Burushin da ke zuwa a murfin kwalba yawanci ya yi girma, shi ke sa a yi dama-dama. Shafi biyu ko uku marasa kauri, da tazarar kamar rabin awa a tsakaninsu, sun fi ɗigo ɗaya mai kauri wanda samansa zai bushe cikinsa na ɗanye. A ƙarshe a rufe da shafin sheƙi, a ƙyale wurin wasu kwanaki kafin a goge shi.

 Bonet ɗin da ya sha ranar Afrilu yana ƙona tafin hannu, fentin da ya sauka a kansa kuwa yana daskarewa kafin ya kwanta. Iskar hunturu kuma tana zuba ƙura a kan ɗanyen fenti. Lokacin da ya dace shi ne da hantsi, bayan raɓa ta ɗauke, a inuwa, inji a huce, a makonnin da hazo ya janye hadari bai fara haɗuwa ba. Mutanen da suka tashi a gidajen ƙasa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, domin a daidai wannan lokaci ne magidanci ke zagaya katanga da soro yana duba tsaga, ya sa a yi yaɓe a gyara indararo kafin ruwan farko. Babu wanda ke rushe katanga don ta tsage a wuri uku, babu kuma mai hankalin da ke barin tsagar ta sha damina.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakar abin. Ɗigon fenti kariya ne, ba ya mayar da mota sabuwa. Wanda ya matso kusa zai ga wurin, musamman a launuka masu ƙyalli, domin ƙananan ɓarɓashin alminiyon da ke cikinsu ba sa kwanciya iri ɗaya idan an ɗiga da idan an fesa. Farin lu'ulu'u irin 070 na Toyota, mai shafi uku, ya fi kowane wuyar dacewa. Rana ma tana da nata aikin, jar motar da ta shekara goma tana kwana a waje ta riga ta koɗe, launin da lambar ta bayar zai fi ta cika. Bamba ta roba ba ta tsatsa, gyaran tabonta ado ne kawai, mai ƙaramin ƙarfi yana iya tsallake shi. Inda kuwa fenti ya kumbura ya yi ƙuraje ba tare da tsakuwa ta taɓa shi ba, kamar a ƙasan ƙofa ko bakin taya, tsatsar daga ciki take fitowa, kuma wannan aikin mai walda ne. Shi kuwa alƙalamin da ake talla a Facebook da TikTok, wai yana goge kowane ƙwarzane a kowane launi, ruwa ne marar launi da ke cike ƙwarzanen sama-sama. Ba ya mayar da launin da ya tafi, ba ya kashe tsatsa.

Wasu direbobi kan ari jan farce a gida su ɗiga wa gurbin, ana yi musu dariya, alhali suna da hujja a tarihi. Fentin Duco da kamfanin DuPont ya fitar a farkon shekarun 1920, wanda ya rage lokacin bushewar fentin mota daga makonni zuwa sa'o'i ya kuma kawo ƙarshen zamanin da baƙi ya mamaye kasuwa, tushensa ɗaya da jan farcen zamani. Ba ya jure rana kamar fentin mota, amma marar launinsa zai iya tare ruwa na 'yan makonni kafin a samo na gaske.

Ba a ce fesa mota haramun ba ne. Motar da ta yi karo, ko wadda shafin samanta ya ƙone yana saɓulewa kamar fatar maciji, ba ta da magani sai feshi. Abin dubawa shi ne yadda ake yin sa a mafi yawan garejin bakin hanya: a fili, ƙarƙashin bishiya, ƙura na tashi, a goge tsatsa sama-sama, a shafe da fila mai kauri, a tsinka fenti da tina don ya isa. Wata shida na farko motar tana ɗaukar ido. Bayan damina ɗaya ko biyu filar ta fara tsagewa, tsatsar da aka rufe ta dawo da faɗi fiye da da, an yi gyaran gangar Abzinawa. Akwai kuma wanda ke biyan farashin da ba a rubuta a rasit ba. Fentin zamani mai haɗi biyu yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta daɗe da lissafa shi cikin manyan abubuwan da ke haddasa asma a wurin aiki. A can mai feshi yana sa abin rufe fuska da ake turo masa iska mai tsabta ta tiyo. A nan yaron gareji ne ke riƙe da na'urar, da tsumma ɗaure a hanci, wani lokaci ko tsumman babu. Duk feshin da aka yi don kawai tabon tsakuwa sun yi yawa, an sa yaron nan ya shaƙi abin da babu dalilin ya shaƙa.

Hujja mafi ƙarfi a kan duk wannan bayani tana bakin direban haya. Zai ce shi da ke neman kuɗin balas da na mai da na taya, ina ya ga lokacin bin tabo da tsinke, kuma motar da ke sawu biyu a rana ta cikin Falgore gobe ma wata tsakuwar za ta same ta. Yana da gaskiya har zuwa wani wuri. Birki da taya suna gaba da fenti, wanda ya fifita kyan jiki a kansu ya yi wauta. Amma ba a nemi ya bi kowane tabo ba. Wanda ya tsaya a shafin ƙasa, mai fari ko toka, zai iya jira. Wanda ya kai ƙarfe, musamman a gefen gilashin gaba da bakin rufi da ginshiƙai, shi ne abin gudu, domin tsatsar gefen gilashi ita ke sa ruwa ya fara zuba cikin mota, gyaranta kuma sai an cire gilashin. Duba sau ɗaya a shekara, na awa ɗaya, ya wadatar.

Matsalar da ta fi gaskiya ita ce samun kayan. Kwalbar da aka shigo da ita daga waje da dala ake sayenta, kuma ba kowane launi ake samu ba. Amma abin da ke cikinta ba wani sirri ba ne, fentin mota ne kamar cokali biyu ko uku. Masu haɗa fenti a Kano suna da shi, sai dai sun saba sayarwa da gwangwani, su kuma masu feshi suna ganin ƙaramin aiki raini ne. A nan akwai sana'ar da ba a kama ba. Motocin hayar yankin ba su da launuka masu yawa, kuma mai fentin da ya ajiye ƙananan kwalabe na launuka goma ko goma sha biyar, da furaima da samfefa, a tashar Tudun Wada ko Kwanar Ɗangora, zai iya gama mota guda kafin layin lodi ya zo kanta. Masu wankin mota ma sun fi kowa dacewa da aikin, domin su ke ganin jikin mota tsaf kowace rana, su ke fara sanin inda ya ɓantare. Jarin bai kai na kwamfuresa ba, huhun mai yi kuma yana nan lafiya.

Sauran maganar ta hukuma ce. Tuƙa mota da lodin yashi ko tsakuwa ba tare da rufi ba yana cikin jerin laifuffukan da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke cin tara a kansu, amma tifar da ta rufe kayanta da tamfol ita ce abin kallo a waɗannan hanyoyi. Tsakuwar da ke ɓantare fenti ita ce ke fasa gilashi, ita ce kuma ke samun ɗan acaɓa a fuska, shi da ba shi da bonet a gabansa. Kafin a kai ga ranar da za a tsare wannan doka, abin da ke hannun direba shi ne tazara. Daƙiƙa uku a bayan babbar mota, a gudun kilomita 100, kusan mita 80 ke nan, kuma yawancin tsakuwar da taya ta watsa takan faɗi ta lafa kafin a iso ta. A inda ake aikin hanya ko aka zuba sabuwar tsakuwa, rage gudu zuwa rabi yana rage ƙarfin bugun zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.